Littafin aikin haɗa MicroVAX II da layin tarho

6 ga Janairu

Kwamfutar, wato MicroVAX II, tana tashi lafiya tun watan jiya, babbar manhajarta VMS 5.5-2 na gudu a kan faifan RD54 ba tare da wata tangarɗa ba. Abin da ya rage shi ne in riƙa shiga cikinta daga nesa ta layin tarho, yadda aka saba yi a zamanin da kamfanin DEC ya fito da ita, wato 1985. Babu katin Ethernet a cikinta. Ko da akwai ma, hanyar modem nake so, wato na'urar da ke juya bayanan kwamfuta zuwa sauti a layin tarho, domin VMS yana da cikakken tsari na yadda yake karɓar kira da yadda yake sallamarsa, kuma ina so in ga tsarin nan yana aiki da idona.

Kayan da ke hannuna: katin DHV11 mai tashoshi takwas na jona allo ko modem, modem biyu, allon VT220 mai madannai, akwatin gwaji mai fitilu da ake saƙalawa tsakanin kebul da kebul, da ƙaramar na'urar rarraba layukan tarho irin ta ofis, wadda za ta ba ni sautin buga waya da ƙararrawa ba tare da na taɓa layin waje ba. Modem ɗin da zai zauna da kwamfutar USRobotics Courier ne na hannu. Na ɓangaren mai kira kuwa yana bin umarnin AT, wato umarnin sarrafa modem, irin wanda kamfanin Hayes ya kafa tun modem ɗinsa na 1981. Shi da na'urar rarraba layin ne kawai na saya saboda wannan aikin.

Na zaɓi DHV11 da gangan. Tashar konsol ta kwamfutar, wato babbar tashar da ake sarrafa ta daga nan, da katuna irin su DLV11-J, wayoyin aikawa da karɓa kaɗai suke da su. Ba su san an kira ba, ba su san an kashe waya ba. DHV11 yana ganin dukkan siginonin modem.

9 ga Janairu

Na sa katin a adireshi 760440, VMS ya gan shi, tashoshi TXA0 zuwa TXA7 sun fito. Na jona VT220 kai tsaye da kebul mai musanya wayoyi, na shiga a gudun 9600. Katin lafiyarsa lau.

13 ga Janairu

Yau na jona modem a TXA0 ta cikin akwatin gwaji, na ba da umarnin SET TERMINAL/PERMANENT/MODEM/DIALUP/HANGUP, na buga daga ɗaya layin. Ya yi ƙara, ya ɗauka, sautin gaisuwar modem ya fara, sai ya yanke tun bai kai ko'ina ba. Na sake bugawa, haka. Can sai konsol ta fara zubo da saƙonnin tsaro, wai ana ta ƙoƙarin shiga ta TXA0 da sunayen da babu su. SHOW INTRUSION ya nuna an riga an sa tashar cikin waɗanda ake tuhuma, VMS kuma yana fara ɗaukar mataki ne bayan kuskure biyar idan ba a taɓa saitin LGI_BRK_LIM ba.

Fitilun akwatin gwaji ne suka warware mini zancen. Fitilar ƙafa ta 8 daga cikin ƙafafun kan kebul tana kunne tun kafin in buga waya. Ƙafar nan ita ce CD, aikinta ta shaida wa kwamfuta cewa akwai sautin dako a layi, wato modem biyu sun haɗu. Mai modem ɗin na farko ya danna makunni na 6 a jerin ƙananan makunnan da ke ƙarƙashinsa, wanda ke tilasta mata zama a kunne kullum. Ƙafa ta 6, DSR, mai nuna modem a shirye yake, da ta 5, CTS, mai ba kwamfuta izinin aikawa, su ma suna kunne. Daga inda VMS yake kallo, akwai mutum a layi dare da rana.

Daga nan abin ya zama kurma biyu suna gardama. Waya ta yi ƙara, modem ya rubuta wa kwamfuta RING. VMS ya ɗauka mutum ne ya danna madanni, ya aiko da neman suna. Modem, da yake an bar shi yana maimaita duk abin da aka aiko masa, ya mayar wa VMS da maganarsa. VMS ya karɓe ta a matsayin suna, ya nemi kalmar sirri, ita ma aka mayar masa. Yankewar kiran ma daga nan take: modem yana soke gaisuwa da zarar wani harafi ya zo masa daga kwamfuta kafin haɗuwa ta kammala. An yi haka ne don mai kira ya iya fasawa ta danna kowane madanni, amma a nan surutun VMS ne ke fasa masa.

Gyaran bai da wuya. Makunni na 6 ya koma yadda CD zai bi gaskiyar layi, na 1 ya koma yadda modem zai mutunta DTR, siginar da ke nuna kwamfuta a shirye take, na 3 ya rufe bakinsa daga rubuta RING da CONNECT, na 4 ya hana maimaitawa, na 5 ya bar shi ya ɗauki waya da kansa. A umarnin AT wannan shi ne &C1, &D2, Q1, E0 da S0=1. A wannan modem sai an gyara makunnan kansu, don idan ya kunnu su yake fara dubawa. Na share tuhumar da DELETE/INTRUSION_RECORD.

Bayan an rufe masa baki, saitawa ta koma aikin lalube: ka rubuta umarni, ba ka ga abin da ka rubuta ba, ba ka ga OK ba. ATI4 kaɗai ke nuna abin da ya shiga.

14 ga Janairu

Kira ya shiga, na danna Return, neman suna ya fito, na shiga. Na bar shi haka zuwa ƙarshen mako.

20 ga Janairu

Na lura da wani abu da ya dame ni. Ba kowa a layi, amma fitilar TR a fuskar modem, wadda ke nuna DTR, tana mutuwa na ɗan lokaci, ta dawo, kusan duk bayan rabin minti. Idan kira ya faɗo daidai lokacin da ta mutu, modem ba ya ɗauka sai ta dawo, wani lokaci ma kiran ya lalace a tsakiyar gaisuwa.

Na zauna da littafin VMS na shigi da ficen bayanai, wurin zanen matakan modem. Yadda abin yake: VMS yana ɗaga DTR, ƙafa ta 20, don ya ce a shirye yake. Sai ya jira DSR. Da ya ga DSR, sai ya ɗauka kira ya shigo, ya fara ƙirga daƙiƙa 30 yana jiran CD da CTS. Idan ba su zo ba, sai ya sauke DTR don ya kashe kiran da yake zaton ya lalace, ya ɗan dakata, ya sake farawa. Modem ɗina kuwa yana kan &S0, wato DSR a kunne muddin akwai wuta. Don haka VMS yake ta sallamar kiran da babu shi.

&S1 ya sa DSR ya daina tashi sai modem ya ɗauki kira, ya sauka da yankewa. Na ajiye da &W. Fitilar TR ta tsaya cak.

Kwamfutocin tebur da yawancin modem suka saba zama da su ba su cika damuwa da DSR ba, shi ya sa ake barin sa a kunne daga masana'anta. Wannan kwamfutar kuwa da gaske take ɗaukar kowace ƙafa, kuma a ganina ita ce ke da gaskiya.

21 ga Janairu

Na cire akwatin gwaji, na mayar da modem kan kanta, na sa dogon kebul. Kira yana haɗuwa, allo ya yi shiru, bayan rabin minti ya yanke. Tun da na san ƙirgen daƙiƙa 30 ɗin nan, na san wata ƙafa ce ba ta isa ba. Mita ta nuna kebul ɗin ba shi da waya a ƙafa ta 5 da ta 22, duk da kawunansa biyu masu ƙafa 25 ne cif. Na haɗa wani da hannu: 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8, 20 da 22, kowace kai tsaye. BC22E da DEC ta yi don modem yana ɗauke da su duka. BC22D kuwa mai musanya wayoyi ne, na jona allo, ba ya aiki a nan.

27 ga Janairu

Ranar gwajin yankewa, wanda tun farko shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ɗaukar waya abu ne mai sauƙi. Haɗarin yana wurin abin da ke faruwa bayan mai kira ya tafi. Idan CD bai sauka ba, ko tashar ba ta kan /MODEM, VMS ba zai san an tafi ba. Zaman mutum yana nan a buɗe, kuma duk wanda ya kira bayansa zai faɗa ciki ba suna ba kalmar sirri. Idan mai kula da kwamfuta ne ya bar zaman, an miƙa wa baƙo komai.

Na fara gwada hakan da gangan don in gani. Na mayar da makunni na 6 da &S0 yadda na same su, na shiga, na zare wayar tarho daga modem na mai kira, na mayar, na sake bugawa. Alamar dala da VMS ke nunawa idan yana jiran umarni ce ta tarbe ni, a cikin kundin da na bari. Duk da ni na shirya gwajin, sai da gabana ya faɗi.

Na maido da saitin daidai na maimaita. Da zare waya, modem ya jira ɗan lokacin da saitinsa na S10 ya ba shi, ya sauke CD da DSR, VMS ya sauke DTR ya rufe zaman. Kira na gaba ya tarar da neman suna. Sai ɗaya ɓangaren: na rubuta LOGOUT, /HANGUP ya sa VMS ya sauke DTR, &D2 ya sa modem ya kashe waya nan take. Na kuma gwada kashe wutar modem na mai kira ana tsakiyar zubo dogon fayil, da kashe na kwamfutar kansa. Duk sun rufe zaman.

Rufe zaman yana da nasa ciwon: wanda ke tsakiyar gyaran rubutu a EDT, manhajar rubutu ta VMS, layi ya yanke masa, sai ya koma ga fayil ɗin farfaɗowa. VMS yana da maganin wannan. Idan aka ɗora VTA0, tashar da ba ta ɗaure da wani layi, ta manhajar saiti SYSGEN, aka sa wa tashar /DISCONNECT, zaman ba ya mutuwa, rabuwa yake yi da layin. Sai mai shi ya sake shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, sannan a tambaye shi ko yana so ya koma ciki. TTY_TIMEOUT ne ke yanke tsawon jiran. Na kunna wannan, ya yi aiki yadda aka ce.

3 ga Fabrairu

Matsalar gudu. Na kafe tashar a 9600 da /SPEED=9600/NOAUTOBAUD, na kafe ɓangaren modem da &B1 don kada ya riƙa canza gudunsa da kwamfuta gwargwadon yadda kira ya haɗu. Da na tilasta wa mai kira 2400, gajerun umarni suna tafiya daidai, amma DIRECTORY mai tsawo yana fitowa da giɓi, layuka na ɓacewa a tsakiya. Kwamfuta tana zuba haruffa 960 a daƙiƙa, layi yana kwashe 240, ma'ajiyar modem ta cika ta tumbatsa.

Wannan VMS ba ya tsayawa don CTS ya sauka a tsakiyar zance yadda kwamfutocin tebur ke yi. Da XOFF da XON yake aiki, haruffan da ke cewa dakata da ci gaba, wato Ctrl-S da Ctrl-Q. A Courier &H2 ne ke sa modem ya aika wa kwamfuta XOFF idan ya kusa cika, tashar kuma tana kan /TTSYNC don ta saurara. Na bar &I0 don Ctrl-S na mai kira ya wuce har wurin VMS, kada modem ya haɗiye shi a hanya. Giɓin ya tafi.

A nan akwai abin da ya kamata mai modem iri biyu ya rubuta a takarda ya liƙa. Umarnin AT na asali ɗaya ne, amma na ƙari kowane kamfani da nasa. A modem na mai kira, &K3 da &K4 su ne ke zaɓar yadda ake tsayar da kwarara. A Courier kuwa &K na matse bayanai ne, ba ruwansa da kwarara.

Sai kuma +++, alamar da ke sa modem ya daina wuce da bayanai ya koma sauraron umarni. Na buga shi a ɓangaren mai kira don in koma wurin umarni, VMS ya maimaito mini haruffan kamar yadda yake yi da kowane rubutu, modem na kwamfutar ya gan su suna fitowa daga nasa ɓangaren, shi ma ya fice zuwa wurin umarni. Layi na haɗe, amma ba mai jin wani. Na sa masa S2=255, don duk lambar da ta haura 127 tana kashe wannan hanyar ficewa.

5 ga Fabrairu

Na tura fayiloli ta Kermit, tsarin tura fayil tsakanin kwamfutoci, gaba da baya, girmansu ya yi daidai. Kermit, da aka fara a Jami'ar Columbia a 1981, yana sakaya haruffan sarrafawa kafin ya aika, don haka XON da XOFF ba sa rikita shi. XMODEM, wani tsarin tura fayil, yana aika su tsirara, shi ya sa ban ma sa shi a lissafi ba.

10 ga Fabrairu

Na fitar da modem daga na'urar rarraba layi zuwa layin waje. Layin da nake da shi ba na jan ƙarfe ba ne har ofishin tarho, na intanet ne, ta ƙaramin akwatin da ke juya murya zuwa ƙunshin bayanai. Kiran farko ya yi ta kururuwa har ya yanke.

Dalilin farko shi ne yadda akwatin ke matse murya. Yana kan G.729, wanda aka ƙera don muryar mutum, yana zubar da duk abin da kunne ba zai rasa ba, alhali abin da yake zubarwa shi ne saƙon modem. Na mayar da shi G.711, wanda ke ɗaukar sauti a 64,000 bit a daƙiƙa kamar tsohuwar hanyar tarho. Na kashe abin da ke datse aikawa idan ya ji shiru, na kashe mai share amsa-kuwwa, na kafe ma'ajiyar da ke daidaita jinkiri don kada ta riƙa faɗi da tsukewa ana cikin kira.

Bayan haka ana haɗuwa, amma ba kullum ba. Da na bar modem biyu su sasanta gudu da kansu, sai su fara daga sama, su kasa, su sauko, su sake gwadawa, a nan kuma ƙirgen VMS ke cim musu: DSR ya riga ya tashi, daƙiƙa 30 sun cika CD bai zo ba, DTR ya sauka, kira ya mutu ana dab da daidaitawa. Da na kafe 9600 da &N6 gaisuwar ta gajarta, yawancin kira na shiga, sai dai jefi-jefi allo yakan daskare yayin da modem ke sake daidaita kansu, wani lokaci ya yanke gaba ɗaya.

A 2400, da &N3, ban ga yankewa ba duk yinin. Akwai dalili. V.22bis, ƙa'idar 1984 da modem ke bi a 2400, ta raba layin biyu: mai kira yana magana a kan sautin 1200 Hz, mai ɗauka a kan 2400 Hz, ba wanda ke taka wani. A V.32 kuwa, ƙa'idar 9600, duka biyun suna magana a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne yana cire amsa-kuwwar kansa ta lissafin da ya yi lokacin gaisuwa. Da jinkirin layin ya ɗan motsa, lissafin ya rushe. Na bar gyaran kuskure na V.42 a kunne da &M4, don ƙunshi ɗaya da ya ɓata a intanet kan iya zama tarin shara a allo.

Cikakken allo haruffa 1,920 ne, layi 24 sau 80. A 9600 yana cika cikin daƙiƙa 2, a 2400 cikin daƙiƙa 8. Na zaɓi 2400. EDT yana sake zana abin da ya canza ne kawai, an kuma rubuta shi ne a zamanin da mutane da yawa ke aiki a 1200, don haka aikin bai da takura kamar yadda lissafin ke nunawa. Tashar tana nan a 9600, XOFF na kula da bambancin.

17 ga Fabrairu

Tunda lambar ta fita waje, sai tsaro. A AUTHORIZE, manhajar kula da asusu, na sa wa SYSTEM da sauran manyan asusu /NODIALUP. Mai buƙatar iko ya shiga da ƙaramin asusu tukuna. Na sa wa TXA0 /SYSPASSWORD, na kafa kalmar da SET PASSWORD/SYSTEM. Yanzu mai kira ba ya ganin ko harafi ɗaya sai ya rubuta ta daidai, ballantana ya san wace irin kwamfuta ce ta ɗauka. Umarnin tashar duka sun shiga SYSTARTUP_V5.COM, fayil ɗin da ke gudu idan kwamfutar ta tashi, har da ɗora VTA0, na sake tayar da kwamfutar na tabbatar sun zauna. Na buga saitin modem daga ATI4 a takarda, na liƙa a ƙarƙashinsa tare da zanen makunnan.

24 ga Fabrairu

Na cire wuta daga komai na mayar, kamar an ɗauke an kawo ba kowa a kusa. Modem ya tashi da saitinsa. Kwamfutar ta fara lodi da kanta, tunda makunnin da ke ba da damar tsayar da ita a kashe yake, sai ta tsaya a konsol tana neman kwanan wata da lokaci. Batirin da ke riƙe agogo ya mutu, shi ne ƙaramin NiCd da ke jikin falankin baya. Muddin tana tsaye a nan, fayil ɗin tashi bai gudu ba, TXA0 ba ta zama tashar modem ba. Na cire batirin, na ga ya fara fitar da farin gishiri a baki ɗaya, amma bai kai ga allon lantarkin ba. Na goge wurin, na yi odar sabo. Kafin ya iso na gajarta TIMEPROMPTWAIT don ta daina jira har abada, ko da agogon zai tashi a baya.

Mataki na gaba shi ne konsol daga nesa, don in iya ganin irin wannan tsayawar in kuma amsa. Ba zan jona mata modem kai tsaye ba. Ba ta ganin CD, don haka duk haɗarin da na gwada ranar 27 ga Janairu zai dawo, a kan tashar da ta fi kowace iko. Kuma idan makunnin tsayarwa yana kunne, siginar BREAK tana tsayar da VMS ta jefa kwamfutar zuwa alamar >>>, ga shi hayaniyar layi ko kashe wutar modem na iya kama da BREAK. Shirina shi ne wata ƙaramar kwamfuta ta zauna a tsakani: ta ɗauki kira a nata modem, ta nemi nata kalmar sirri, sannan ta buɗe hanya zuwa konsol ta kebul. Wannan na buƙatar modem na uku da lambar tarho ta biyu. Akwatin layin yana da rami na biyu da ba a amfani da shi, zan fara gwajin a kan na'urar rarraba layi tukuna idan batirin ya iso.